Baƙon da Ba Ya Sallama: Ƙwayoyin Cuta a Fitsarin Mai Juna Biyu

'Yar'uwa mai juna biyu, da ke nake magana, amma ina so maigidanki ya matso kusa, haka ma surukarki ko mahaifiyarki. A gidajenmu na Ƙofa da Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ba kasafai mace take yanke shawarar zuwa asibiti ita kaɗai ba. Akwai mai ba da izini, akwai mai ba da kuɗin mota, akwai kuma dattijuwar da za ta dubi fuskarki ta ce, "Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, me za ta je nema a asibiti?" Tambayar Inna nake son amsawa, kuma ban raina ta ba, domin a kan ƙa'idar da aka rene mu take: mu da ciwo muke gane cuta. Wadda ta ci tuwo, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ba ma kiranta marar lafiya. Ƙa'idar tana aiki a mafi yawan lokuta. Sai dai akwai cututtuka kaɗan da suke shigowa ba sallama, su zauna watanni ba a ji motsinsu ba, kamar gara a cikin azara, wadda ba a sanin aikinta sai ruwan Agusta ya sauka a kan soro.

Ɗaya daga cikinsu ita ce taruwar ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira bakteriya, a cikin mafitsarar mai ciki ba tare da wata alama ba. Babu zafin fitsari, babu ciwon mara, babu zazzaɓi, fitsarin ma a ido fes yake. Amma da za a ɗauki ɗigo ɗaya a kai ɗakin gwaje-gwaje, sai a tarar da su dubbai. Ƙididdigar da likitocin duniya suka daɗe suna aiki da ita ta nuna cewa tsakanin mace 2 zuwa 10 cikin kowace 100 masu juna biyu suna ɗauke da wannan, kuma wasu daga cikin binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya sun sami adadin da ya zarce haka. Ki dubi bencin awo ranar da mata hamsin suka hallara: ɗaya zuwa biyar daga cikinsu suna tare da baƙon nan, suna hira, suna dariya, ba wadda ta sani.

Daga ina suke fitowa? Mafi yawansu, kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, wata ƙwaya ce da za ki ga an rubuta E. coli a takardar sakamako, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Mazauninta hanjin ɗan Adam ne, na kowa da kowa, kuma a can ba ta da laifi. Laifin yana farawa ne idan ta ɓace hanya. Bututun da fitsari yake fitowa ta cikinsa a jikin mace gajere ne, bai wuce santimita 4 ba, kuma bakinsa yana kusa da dubura, saboda haka tafiyar ba ta da nisa. Na tsaya a nan ne don in kashe wata wuta tun kafin ta tashi. Na sha ganin sakamakon gwaji ya zama sanadin rigima a gida: a zargi kishiya da cewa ita ta sa wa makewayi cuta, ko a zargi miji da yawon banza, ko a ce matar ce ƙazama. Wannan cutar ba ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar neman mata, kuma ba a makewayi ake kwaso ta ba. Daga jikin mai ita take tasowa, kuma tana samun matar da ta fi kowa tsafta a unguwa.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, da a ce ba ki da ciki, likitan da ya san aikinsa ba zai ba ki magani a kan wannan ba. Macen da ba ta da juna biyu, in an sami ƙwayoyin a fitsarinta alhali ba ta jin komai, ƙyale ta ake yi, domin shan maganin ba ya ƙara mata komai sai koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Ciki ne yake sauya hukuncin. Ƙoda biyu suna tace jini su fitar da fitsari, ya gangaro ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara. Da ciki ya shiga, jiki yakan yawaita wani sinadari mai suna furojestaron, wanda aikinsa sassauta mahaifa don kada ta turo abin da ke cikinta. Sassautawar ba ta tsayawa a mahaifa, tana taɓa waɗannan bututu, su saki, su yi faɗi, su rage matsa fitsari ƙasa. Sannan mahaifar tana girma tana danne su, musamman na hannun dama. Mafitsarar ita ma ba ta juye duk abin da ke cikinta. Ga kuma ɗan sukari da yakan zubo a fitsarin masu ciki da yawa, wanda abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya yi noman rani da ruwan Tiga ya san bambancin magudanar da ruwa yake gudu a cikinta da wadda ya kwanta: a ta biyun ne gansakuka take kama wuri. Idan fitsari ya kwanta, ƙwayoyin da suke zaune a mafitsara sai su sami hanyar hawa sama, su isa ƙoda.

Idan ba a yi magani ba, kimanin mace 20 zuwa 30 cikin 100 masu ɗauke da ƙwayoyin nan sukan kamu da ciwon ƙoda mai zafi kafin su haihu, galibi daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshensa. In an yi magani da wuri, adadin yakan sauko zuwa 'yan ƙalilan. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani likita a birnin Bostan na Amurka, Edward Kass, shi ya fara bin diddiginsa a shekarun 1950, kuma a 1960 ya wallafa abin da ya gani a wajen masu juna biyu: da yawa daga cikin waɗanda aka bari ba magani ciwon ya hau musu ƙoda, waɗanda aka yi wa magani kuwa suka tsira daga hakan. Tun daga lokacin gwajin ya shiga cikin ayyukan awon ciki a ƙasashe da dama. Fiye da shekara sittin ke nan, amma har yau mata da yawa a wajenmu suna haihuwa biyar, shida, ba a taɓa yi musu shi ba.

Ciwon ƙodar mai ciki ba abin wasa ba ne. Yana zuwa da zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari irin wadda haƙora suke haɗuwa, da amai, da ciwo a kwiɓi ko a gefen baya, sau da yawa a dama. Ƙwayoyin za su iya tsallakawa cikin jini su birkita jiki duka, jini ya yi ƙasa, numfashi ya yi wuya, ƙodar ta gaza. Zafin jikin da gubar ƙwayoyin kuma suna iya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba, a sami bakwaini ko jariri marar nauyi. Babbar matsalarmu a nan ita ce ciwon yana shigowa ne sanye da rigar wani. A ƙasar da sauro ya yi wa katutu, duk zazzaɓi da rawar ɗari sunansa maleriya, in ya ƙi jin magani a sake masa suna a ce taifot ne.

A cikin shekarun da na yi ina duba masu ciki, akwai wata da ba na mantawa, yarinya ce mai cikin fari, wata bakwai, daga wani ƙauye can bayan Tudun Wada. Da dare aka kawo ta a bayan a-kori-kura, bayan ta kwana uku ana yi mata allurar maleriya a wani kemis. Jikinta kamar garwashi. Da aka ɗan bubbuga kwiɓinta na dama sai ta ƙwala ƙara. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, ta tashi bayan allurai ta jijiya da ƙarin ruwa, amma naƙuda ta riga ta taso, ta haifi ɗa namiji da bai kai kilo biyu ba, ya yi makonni a kwalba. Mijin, manomi ne mai ƙaramin ƙarfi, sai da ya sayar da masarar da ya ajiye don cin gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai katin awonta ne. Yarinyar ba ta yi sakaci ba, ta je awo har sau biyu, kuma sau biyun an rubuta cewa an gwada fitsari: babu sukari, babu furotin. Mahaifiyarta ta yi ta nuna mini wurin da yatsa tana cewa, "To ai an gwada, 'yar nan, an ce lafiya."

Gaskiyar Inna, an gwada. Sai dai gwajin fitsari iri-iri ne, kuma wannan ita ce maganar da na fi so ki riƙe. Gwajin da aka saba yi ranar awo, wanda ake tsoma ɗan tsinken takarda mai launi-launi a fitsari a duba nan take, abu biyu yake nema a mafi yawan wurare: sukari, don gano ciwon suga, da furotin, don gano hawan jinin masu ciki da yake kai wa ga jijjiga. Gwaji ne mai daraja, ya ceci rayuka masu yawa, kada ki bari ya wuce ki. Amma ba a yi shi don farautar ƙwayoyin cuta ba. Akwai wani tsinken mai gidaje da yawa da yake iya nuna alamarsu, shi ma yakan kuskure rabo mai yawa, domin sinadarin da yake nema sai fitsari ya yi kamar awa 4 a mafitsara kafin ya taru, mai ciki kuwa ina ta ga awa huɗu ba ta zaga ba? Wasu ƙwayoyin ma ba sa samar da sinadarin gaba ɗaya. Saboda haka idan aka ce miki "fitsarinki lafiya", ki tambaya cikin ladabi: "Malama, wanne aka duba, na sukari da furotin, ko na ƙwayoyin cuta?"

Gwajin da yake kama baƙon nan ni ina kiransa gwajin shuka, a takardar asibiti kuma za ki ga an rubuta haruffa uku, M/C/S. Manomin da ya sayo irin masara a kasuwa, in yana shakkar sa, yakan ɗebi kaɗan ya zuba a jiƙaƙƙen buhu ya jira kwanaki ya ga ko zai tsira. Haka ma'aikacin ɗakin gwaji yake yi. Yakan ɗauki ɗan mitsitsin fitsari ya shafa a kan wani faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, mai kama da agidi, ya ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, ya jira kwana ɗaya zuwa biyu. In akwai ƙwayoyi, za su tsiro ɗigo-ɗigo, ya ƙirga. Ma'aunin da aka gada daga Kass shi ne ƙwaya 100,000 ko fiye, iri ɗaya, a cikin mililita ɗaya ta fitsari, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin ba yara magani. Daga nan sai mataki na biyu, wanda a ganina ya fi na farko amfani a zamanin nan: a jera wasu 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a kan shukar. Inda aka ga fili ya kewaye takarda, kamar inda aka yi feshin ciyawa, wannan maganin yana kashe ƙwayar. Inda ƙwayar ta tsiro har gindin takardar, maganin ya zama ruwa a wajenta. Shi ya sa sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma shi ya sa ya cancanci a jira shi.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin kula da masu juna biyu. Ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A cikin tsarin ta ce gwajin shuka ne hanyar da ta dace a gano wannan cuta, kuma a jadawalinta ta sanya duba fitsarin a mako na 12 da na 26 da na 34. Ta kuma yi la'akari da irin wurarenmu, ta ce inda babu halin shuka, a rina fitsarin a duba shi da madubin likita, dabarar da wani masani ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro tun 1884, domin ta fi tsinken takarda kama gaskiya. Wannan rini ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ɗakin gwajin da yake da madubin duba maleriya ko tarin fuka ya yi rabin tafiya.

Mako 12 wata uku ke nan, kuma a nan ne al'adarmu take cin karo da jadawalin. Mace mai cikin fari kunya ba ta barinta ta faɗa, sai zane ya fara gaza mata. Wadda ta saba haihuwa kuwa cewa take ai ta san hanya, sai wata shida ko bakwai ta je ta karɓi kati don kada a yi mata faɗa ranar haihuwa. Ina girmama kunya, ado ce. Amma ba sai an yi shela a unguwa ba kafin a je awo, tsakaninki da mijinki da ma'aikaciyar asibiti ne. Lokacin da ciki ya kai wata bakwai, ƙwayoyin da suke zaune tun wata na biyu sun riga sun sami watanni suna neman hanyar hawa. In kuma kin riga kin makara, kada ki ce ya wuce, a yi gwajin a zuwanki na farko ko da wata nawa ne.

Malam maigida, yanzu da kai nake. Na san abin da yake ranka: ga kuɗin taki, ga na makaranta, yanzu kuma a ce ka biya kuɗin gwaji da na mota saboda cutar da ba a gani ba. Ba zan ɓoye maka ba, su kansu masana sun yi muhawara a kan wannan. A 2015 an wallafa wani bincike daga ƙasar Holan da ya nuna cewa a cikin matan da cikinsu ba shi da wata matsala, waɗanda aka bari ba magani kaɗan ne ƙwarai ciwon ya hau musu ƙoda, ƙasa da 3 cikin 100, har wasu suka fara tambayar ko gwada kowa da kowa ya zama dole. Na karanta, na kuma auna shi da ƙasarmu. Matar Holan in zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare, cikin mintuna tana gaban likita, da jininta cikakke, da abincinta wadatacce. Matar da take Riruwai ko wani ƙauye a gefen dajin Falgore, sai an nemo mota, sai gari ya waye, sai an biyo doguwar hanya zuwa Kwanar Ɗangora in abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, sannan a miƙa Kano ko Zariya, ga ƙarancin jini da maleriya sun riga sun raunana ta. Inda asibiti yake da nisa, nan ne gano cuta tun tana barci ya fi riba. Kuɗin gwajin da na maganin mako ɗaya ba su kama ƙafar kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba, balle na jariri a kwalba.

Ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da kayan shuka ba, kuma wannan ba laifin ma'aikatan da ke cikinsa ba ne. Ku tambayi mai yin awon ta rubuta muku takarda, ta kuma faɗa muku wuri mafi kusa da ake yi, ko a babban asibitin ƙaramar hukuma ko a ɗakin gwaji mai rajista. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala a cikin birni, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen wannan aiki. In akwai wata hidima da za ta kai ku birni a watannin farko na cikin, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Yadda ake ɗibar fitsarin yana iya gyara gwajin ko ya ɓata shi. Kada ki taho da shi daga gida a kwalbar lemo ko ta magani, komai wankin da kika yi mata. A can za a ba ki roba mai murfi wadda ba a taɓa buɗewa ba. Ki wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa zalla daga gaba zuwa baya, ki buɗa gaban da yatsu biyu, ki saki fitsarin farko ya zube, sannan ki tari na tsakiya, ki rufe ba tare da yatsa ya taɓa cikin robar ba. Na farkon yana wanko ƙwayoyin da suke kan fata ne, waɗanda in sun shiga za su sa a ce kina da cutar da ba ki da ita. Sannan a miƙa shi cikin awa 2, in ba haka ba sai a firiji. Dalili kuwa, ƙwayar E. coli in ta sami ɗumi tana iya ninka kanta duk minti 20, ƙwaya ɗaya ta haura 500 cikin awa uku. Ki ƙiyasta robar fitsari a aljihun ɗan acaɓa cikin zafin watan Afrilu daga Ƙofa zuwa Kano. Mai fitsarin ya kamata ta yi tafiyar, ko kuwa a sa robar cikin ƙanƙara. In kin sha wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwanakin nan, ki faɗa, domin yana iya hana shukar tsirowa alhali cutar tana nan.

Idan sakamako ya nuna akwai su, kada hankalinki ya tashi, maganin mai sauƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda likita ko ungozomar asibiti za su zaɓa bisa abin da shukar ta nuna da kuma watannin cikin. Akwai waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki, irin su sefaleksin da amoksisilin da naitirofurantoyin. Amoksisilin ya rage kaifi a wurare da yawa saboda yadda aka yi ta shan sa barkatai. Naitirofurantoyin yana son a sha shi da abinci, yakan mayar da fitsari ruwan ƙasa-ƙasa, wannan ba abin tsoro ba ne, amma ana kauce masa in haihuwa ta ƙarato, da kuma ga masu wata larurar gado da take sa jininsu fashewa in sun sha wasu magunguna. Wahalar ita ce shan magani alhali ba ka jin ciwo. Mai zazzaɓi ciwonsa ne yake tuna masa lokacin magani, ke kuwa babu mai tuna miki, sai ki ɗaura shi da wani abin da ba ya wuce ki, kamar lokutan salla. Kada ki tsaya a kwana uku ki ajiye sauran don wata rana, kada kuma ki raba da maƙwabciya. Bayan kin gama da mako ɗaya zuwa biyu, a sake shukar a tabbatar sun mutu, domin kusan mace ɗaya cikin uku sukan dawo mata kafin ta haihu.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to bari ya huta da gwaji, ya biya kemis ya sayo wa matarsa magani kawai. Mata tara cikin goma ba su da cutar, ka ga an ɗura musu magani a banza. Sannan magungunan da aka fi miƙowa a kan kanta su ne waɗanda ba a so mai ciki ta sha. Kafson nan mai ja da rawaya, tetirasaikilin, da ɗan'uwansa doksisaikilin, suna taɓa ƙashi da haƙoran jariri. Sifurofuloksasin, wanda ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, ana kauce masa a lokacin ciki. Septrin yana rage amfanin sinadarin folik da ake ba ki a awo don ginin jikin jariri, ba a son sa a watannin farko da dab da haihuwa, sai in likita ne ya ɗora ki a kansa saboda wani dalili na daban. Haka nan kalmar "sanyi", wadda muka mayar buhun da ake zuba komai a ciki, daga ƙaiƙayi zuwa ciwon baya zuwa rashin haihuwa. Mai lasifika a kasuwa zai ce miki jarkarsa tana wanke sanyi kowane iri. Bai ga fitsarinki ba, bai san watannin cikinki ba, kuma ba shi za a tasa da tsakar dare ba in abin ya juye.

Akwai waɗanda nake ƙara matsa wa lamba su yi gwajin ko da za a ci bashi: mai ciwon suga, mai sikila, har da mai ɗauke da rabin jinin sikila, wato AS, waɗanda a Nijeriya sun kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu, da wadda ta taɓa ciwon mafitsara ko na ƙoda, da wadda ta taɓa haifar bakwaini. Mutanen da suke zaune kusa da madatsar Tiga da magudanan noman rani kuma su ƙara da maganar tsargiya. Wadda ta taso tana wanki da wanka a irin wannan ruwa, ko ta taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinta, ta faɗa a wurin awo, domin tsargiya tana raunata bangon mafitsara, ƙwayoyin cuta su sami wurin maƙalewa, kuma ita maganinta daban ne.

A gida, ki sha ruwa sosai har fitsarinki ya yi haske, ki daina riƙe fitsari don kunyar baƙi a tsakar gida ko don ana cikin biki, ki riƙa tsarki daga gaba zuwa baya, ki zaga bayan kwanciyar aure, ki bar cushe-cushen kayan mata da wanke ciki da sabulu mai ƙamshi. Duk waɗannan taimako ne, amma ba sa korar ƙwayoyin da suka riga suka zauna.

In kuwa zazzaɓi ya zo da rawar ɗari da ciwon kwiɓi ko amai, ko mara ta fara ɗaurewa tana saki lokaci bai yi ba, an wuce maganar ƙwayar sha a gida. A tafi asibitin da ake kwantarwa a ranar, ko da dare ne, a gwada jini don maleriya, a kuma duba fitsari, domin ana iya samun su biyun a jiki ɗaya. Maigida ya tanadi lambar direban da zai amsa waya da ƙarfe biyun dare tun ciki yana wata biyar.

Saura abu ɗaya game da takardun. Wani lokaci shukar takan nuna wata ƙwaya da ake rubutawa GBS. Ita wannan, ban da maganin da za a ba ki yanzu, ana so a yi miki allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya lokacin naƙuda, domin tana iya kama jariri a hanyar fitowarsa ta sa masa ciwo mai tsanani a kwanakin farko, saboda haka haihuwarki ta asibiti ce. Da yawa daga cikin 'yan matanmu a garin miji suke awo, sannan su tafi goyon ciki gidan iyaye, mai yin awo a Kiru ta je ta haihu a Doguwa, inda ba wanda ya san abin da aka gano. Ki maƙala takardar sakamakon da sunan maganin da kika sha a cikin katin awonki, ki sa katin a jakar kayan haihuwa, in kin isa ɗakin haihuwa ki miƙa wa ungozoma tun kafin ta tambaya.